Jego Ya Karɓe Ta

In aka fara shirin lafiyar mata masu juna biyu a rediyo, kashewa nake yi. Yaran shagon ɗinkina sun sani, ko ba na kusa wata za ta miƙa hannu ta canja tasha. Ba wai ƙarya ake faɗa ba. Da ƙarya ce ma da ta zo mini da sauƙi, in zage su in huta. An gyara ƙananan asibitoci a faɗin jihar nan, na ga namu na unguwa da idona. An kawo ungozomomi masu karatu, ana ba da maganin awo kyauta, duk gaskiya ne. Yayata ta mori wannan duka, ta haihu lafiya ƙalau a hannunsu, ta dawo gida da ƙafarta. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa jin an faɗa a rediyon ba.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna. Yaya ce 'yar fari, ni ce auta, maza uku a tsakaninmu. Gidanmu yana Tudun Wada, kuma tun da Baba ya rasu maganar cikin gida ta koma hannun yayarsa, Gwaggo. Ita ta goyi Yaya, a ɗakinta ta tashi, ita ta yi mata kayan aure. Inna kuwa, irin kunyar 'yar fari ta mutanen da take yi, ba ta zama su yi hira, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. In Yaya ta yi zazzaɓi, ni Inna za ta miƙa wa magani ta ce, "Kai ɗakin Gwaggonku." Haka muka tashi muka gani, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Yaya ta auri wani malamin firamare a Gyallesu, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Sun yi shekaru ba haihuwa, har an fara ƙananan maganganu, sai Allah ya kawo cikin. Ya kuwa zo daidai lokacin da gwamnati ta taso da maganar mata masu ciki haiƙan. Liman ya faɗa a huɗuba cewa magidanta su bar matansu su je awo. Mai unguwa ya faɗa. Aka yi wa asibitin unguwarmu fenti, aka sa masa wutar sola, aka ajiye keke mai ƙafa uku a ƙofa don ɗauko mai naƙuda. Wasu mata masu hijabi iri ɗaya suna bin gida-gida suna tambayar ko akwai mai ciki.

Da cikin ya tsufa Yaya ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ni nake raka ta awo, don lokacin ina koyon ɗinki a wani shago kusa da asibitin, ban yi aure ba. Kafin a fara gwaji sai an yi wa mata lacca. Su zauna a benci, ungozoma ta tsaya a gaba tana faɗa suna maimaitawa da tafi: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa da fuska, haki, jijjiga. Ko kafin haihuwa ko bayan haihuwa, in kin ga ɗaya, ki taho. Yaya ta haddace su tsaf, har tana yi mini bita a hanya ina tsokanarta wai za ta zama likitar gidanmu.

Yanzu in na tuna bencin nan sai raina ya ɓaci. Wa ke zaune a kai? Yara mata, masu ciki, waɗanda in sun koma gida ko yajin da za a sa musu a tuwo ba su ke zaɓa ba. Ban taɓa ganin tsohuwa ko ɗaya a wurin ba. An koyar da mu har mun iya, amma ba mu ke riƙe da tukunyar ruwan zafi ba.

Da hantsi ta haihu, 'ya mace, ba wata wahala. Ungozomar da ta karɓi haihuwar wata doguwa ce mai faɗa amma mai kirki. Da za a sallame mu ta zaunar da mu, ni da Yaya, ta ce jinin Yaya ya ɗan hau a ƙarshen cikin, ga magani, a dawo da ita nan da kwanaki a sake aunawa. Ta ce a yi wanka da ruwa mai ɗumi, ban da mai ƙuna, ban da kwanciya kan wuta, kunun kanwa kuwa ko kusa. Muka ce to. Gwaggo tana waje a ƙarƙashin bishiya, ta ƙi shigowa, wai warin magani yana hawar mata kai.

A cikin keken na maimaita mata abin da aka ce. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Ita mai farin kayan, haihuwa nawa ta yi?"

Na ce ban sani ba.

"To ni na wanke mata sun fi gashin kanki yawa, ba wadda ta yi ko tari. Su sun gama nasu, sun fitar da yaro. Gyaran uwa namu ne."

Lokacin bazara ne, ana zafin nan na kafin saukar ruwa wanda ko a inuwa mutum ke jiƙewa. Amma a wurin Gwaggo babban abokin gabar mai jego sanyi ne. In ya shiga jikin da haihuwa ta buɗe, shi ke nan, ba ya fita. Don haka safe da yamma ake ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, Gwaggo ta shige banɗaki da Yaya, ta riƙa tsoma ganyen tana fyaɗa mata a jiki. Daga tsakar gida kana jin ƙarar. Yaya ba ta taɓa cewa wayyo ba, ai abin kunya ne. Ta fito jikinta na tururi, a shigar da ita ɗaki, a rufe taga, a tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Sannan a kawo kunun kanwa a babban kwano, kanwar har tana ɗaci, Gwaggo ta zauna a gabanta sai ta ga ƙarshensa. Wai yana wanke ciki, yana kawo nono. Maganin asibitin kuwa, Gwaggo ta ce ba a haɗa biyu, ta ɗage shi kan sif ɗinta ta ce sai an yi arba'in.

Ni na ɗinka wa Yaya kayan fitar suna, wata shuɗiyar atamfa da mijinta ya saya. Na auna ta bayan ta haihu, na yanka, na haɗa. Ana gobe suna ta gwada, hannun rigar ya ƙi shiga. Na farke na ƙara. Ranar sunan da safe zobenta ya ƙi fita daga yatsa, sai da sabulu. Da mata suka cika gida aka fito da ita, fuskarta ta cika tana ƙyalli, sai guɗa ta tashi.

"Kai, masha Allah! Jego ya karɓe ta!"

"Dubi kumatu! Wannan hannun Gwaggo ne, ba tambaya."

Wata ma a take ta roƙi Gwaggo ta zo ta wanke mata 'yarta in ta sauka. Gwaggo tana ta murmushi, tana cewa ai tukuna, ku bari a yi arba'in ku gani. Inna tana can bakin murhu wajen masu tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ni ma da farko na ɗauka ƙiba ce. Amma ƙiba ba ta sa mutum haki don ya je bayan gida ya dawo. Bayan suna Yaya ta fara tari, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. In na shiga gaishe ta da safe sai in tarar da ita a jingine da bango, ta tara matasai a baya, ta ce haka ta kwana, in ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa na danna babban yatsana a ƙaurinta. Na ɗauke, wurin ya zauna a lotse kamar ƙullin fulawa. Na ɗago muka haɗa ido. Ta san abin da na gani, ita da ta haddace.

Na ce, "Yaya, kumburi ne. Ga haki. Mu koma asibiti."

Ta ja zane ta rufe ƙafar. "Ki rufa mini asiri, Auta. Matar nan tun asuba take tashi hura wuta saboda ni, da tsufanta. In ce mata me? Saura kaɗan a yi arba'in, sai in je."

Ban rufa ba. Ni dama an san ni da baki. Na sami Gwaggo tana jiƙa kanwa na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce tari da haki ai ta ji su tun kafin ni, kuma ta san dalili. Sanyi ne. Tun a asibiti ya shige ta, da aka kwantar da ita ƙarƙashin fanka da ɗanyen jiki. Maganinsa kuwa a ƙara wuta. Daga ranar kasko ya zama biyu, kunun ya zama sau uku.

Na yi tsalle na dire. Na ce wallahi kashe ta za a yi. Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce, "Ke! Budurwa da ke, ko kunyar shiga maganar jego ba kya ji? Me kika sani a ciki? Mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, ko uwarki haka aka yi mata." Na juya wurin Inna, tana zaune tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, ki yi magana mana!" Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki bar manya su yi abin da suka sani."

Na tare mijin Yaya a zaure. Shi dama nan yake tsayawa, ya aiko da nama da itace, a miƙo masa jaririya ya gani, ya tafi. Matarsa kuwa sai dai su gaisa daga bakin ƙofa, ita a ciki cikin duhu. Na faɗa masa komai. Yana murza hularsa ya ce, "To ni yanzu in shiga gidan surukai in ce ba su iya riƙon 'yarsu ba? Su Gwaggo sun fi mu sanin wannan. Amma zan sa a yi mata addu'a." Na ce, "Malam, ba addu'a na hana ba, keke na ce ka kira." Ya ce in yi haƙuri. Wallahi ji na yi kamar in fizge hular in jefa masa.

Masu hijabi iri ɗaya ma sun zo, kada in yi musu ƙarya. Ina shago, da na dawo aka ba ni labari. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta kawo musu ruwa, ta fito musu da jaririya. Suka duba cibi, suka tambayi rigakafi, suka yaba. Suka ce ina mai jego? Ta ce tana barci, lafiyarta lau, har ta yi ƙiba. Suka ce madalla, suka yi gaba, don gidaje da yawa na jiransu. Tsakaninsu da ƙafar Yaya labule ne kawai. Washegari na je asibitin da kaina na sami ungozomar. Hankalinta ya tashi, ta ce a kawo ta yau-yau. Na ce ba za a bari ba, na roƙe ta ta zo da kanta. Ta nuna mini benci cike da mata, ga wata tana naƙuda a ciki, ita kaɗai ce a bakin aiki. Ta ba ni lambar mai keken ta ce in kira ko yaushe. Na koma gida na faɗa, Gwaggo ta ce in na ƙara kai sunan gidan nan waje sai ta saɓa mini.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ina tsakar gida da jaririya a hannu, suna banɗaki. Ina jin ƙarar ganye, sai na ji ta tsaya. Sai muryar Gwaggo, wata iri wadda ban taɓa ji ba, tana salati. Na miƙa wa Inna yarinyar na banka ƙofar. Yaya tana durƙushe cikin tururi, ta dafa bango, tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe, kumfa mai ɗan ja-ja tana fita daga bakinta. Ban nemi izinin kowa ba. Na kira mai keke, na rufa mata zane da hijabi, ni da wata maƙwabciya muka cicciɓe ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, keken bai ɗauki wani lokaci ba ya iso. Ashe duk kwanakin nan abin da ke tsakaninmu da asibiti ke nan.

Ungozoma tana ganinta ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, ta haɗa mu da babban asibiti. Can aka sa mata abin numfashi a hanci, aka yi ta allurai. Wani likita matashi ya fito ya same mu a baranda, ni da mijinta. Ya ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a jikinta har ya kai huhu. Ya tambaya ko ana mata wankan zafi da kunun kanwa. Na ce e. Bai yi mamaki ba, ya dai gyaɗa kai kamar wanda ya gaji da jin amsar. Ya ce, "Tun yaushe ƙafarta ta kumbura?" Na faɗa masa. Ya ce, "Me ya sa ba ku kawo ta ba?" Na juya na dubi mijin. Ya sunkuyar da kai yana hawaye.

Ta yi kwanaki a can. Har ta ɗan farfaɗo, kumburin ya fara saɓewa, ta tambayi yarinya, ta ce in gaya wa Gwaggo kada ta damu. Ji fa! Ita ke kwance, amma damuwar Gwaggo take ji. Wata safiya ina ba ta shayi a cokali ta ce in ɗan tashe ta zaune. Na tashe ta, ta jingina da kafaɗata, nauyinta ya sauko mini gaba ɗaya. Ba ta kai arba'in ɗin da take jira ba.

A zaman makoki Gwaggo ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma na san ba na munafunci ba ne. Tana son Yaya fiye da yadda take son kowa a duniya. Amma ina zaune ina jin abin da take faɗa wa masu gaisuwa. Wai sanyin ya riga ya yi nisa, tana cikin korarsa aka ɗauke yarinyar aka kai ta inda ba wanka ba wuta, aka ƙarasa ta da fanka da ruwan leda. "Da an bar ni na cika mata kwanakinta, da tana nan." Mata suna gyaɗa kai, suna cewa Allah sarki, wasu suna satar kallona. Ashe ni na kashe ta. Na miƙe zan yi magana, wata tsohuwa ta ja zanena ta ce, "Gidan mutuwa ne, ki ji tsoron Allah." Na koma na zauna.

Da aka share makoki, gida ya yi shiru, jaririya ta dawo ɗakinmu, ni da Inna muna ba ta madarar gwangwani. Wata rana da rana ina wanke kwalbar madarar, Inna tana zaune a bakin gado da yarinyar a cinya, sai ta fara magana ba tare da na tambaye ta komai ba. Ta ce tana da wata yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mu ba mu taɓa jin labarinta ba. Ta rasu a jegon fari, Inna tana ƙarama. Ta ce ita ke ɗauko mata ruwa, tana ganin ƙafafunta, tana jin tarinta, ana ta cewa jego ya karɓe ta.

"Ranar sunan nan," in ji Inna, "da aka fito da ita, ina bakin murhu na hango fuskarta. Fuskar yayata na gani. Tun a ranar na sani."

Na ajiye kwalbar. Na ce, "Inna, kin sani? Na roƙe ki a tsakar gidan nan, a gaban Gwaggo, kika ce in bar manya!"

Ta ce, "Ya zan yi? 'Yar fari ce. In buɗe baki a gaban dangin ubanku, a ce na kasa kawar da kai a kan 'yata, na raina riƙon da aka yi mata? Kullum ina cewa gobe zan faɗa. In kin fita shago sai in je bakin labulen in tsaya ina jin numfashinta, in dawo."

Hawaye na zuba a kan zanen jaririyar, ba ta share ba. Ni kuwa nawa sun ƙafe. Gwaggo ba ta sani ba, har gobe ba ta sani ba. Mijin tsoro ya ji. Masu hijabi an tare su a tsakar gida. Amma mutum ɗaya a gidan nan ta sani sarai, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa, don ko Gwaggo ba za ta hana uwa kai 'yarta asibiti ba in ta tsaya da ƙafarta.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Auta, ki yafe mini."

Uwata ce. Na san abin da addini ya ce, na san abin da ya kamata 'ya ta faɗa. Na buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta jira ko zan ƙara wani abu. Na karɓi yarinyar daga cinyarta, na goya ta, na fita.